Garin Neman Sauƙi: Idan Maganin Kashe Ciwo Ya Juya wa Mai Sankara

Dare na huɗu ke nan muna zaman jinyar Gwaggo a ɗakin mata na wani babban asibiti, kullum kuma abin gaba yake yi. Sankarar bakin mahaifa ce, an kawo ta daga Abare ta yammacin Zamfara bayan ciwon ya riga ya ci ƙarfinta. Ranar da aka kwantar da ita, a wuri ɗaya ciwon yake: mara da ƙugu, yana gangarowa cinyar hagu. Aka sa mata mofin, ta samu barci. Washegari ciwon ya dawo, aka ƙara. Ya sake dawowa da ƙarfinsa, aka sake ƙarawa. A dare na huɗu ba ta yarda kowa ya taɓa ta. Ƙanwata ta ja mata mayafi saboda sanyin asuba, sai ta ƙwalla ƙara kamar an ɗora mata garwashi. Hannunta na zabura shi kaɗai, tana kiran sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa. Wata 'yar'uwarmu ta matso ta raɗa mini, "Wannan fa ba na asibiti ba ne."

Nas ɗin da ke aikin dare dattijuwa ce, ba mai yawan magana ba. Ni na je na same ta da roƙon a ƙara allura. Ba ta ce mini e ko a'a ba, ta zo ta durƙusa a bakin gadon.

"Inna, ina ne yake miki ciwo yanzu?"

"Ko'ina, ɗiyata. Zanen ga ma shina cizo na."

Ta ɗauki 'yar auduga ta shafa bayan hannun Gwaggo, inda babu sankara babu rauni. Gwaggo ta fizge hannun. Sai nas ta juyo kanmu da tambayoyi biyu da ban ga abin da ya haɗa su da ciwo ba a lokacin: sau nawa ta yi fitsari tun safe, kuma me take sha a gida kafin a kawo ta? Fitsari sau ɗaya, shi ma ɗan kaɗan. A gida kuwa wata biyar tana shan tiramol ɗin kemis, da farko ƙwaya ɗaya, daga baya ba mai ƙirgawa. Nas ta ce, "Ba zan ƙara ba sai likita ya gan ta. Ina jin maganin ne ya juya mata." Na ji haushinta a daren nan, ba zan ɓoye ba.

Abin da ta hango sananne ne a likitance. Magungunan dangin mofin, wato mofin ɗin kansa, kodin, tiramol, fentanil da 'yan'uwansu, a jikin wasu mutane sukan yi akasin aikinsu: su sa jijiyoyi su ƙara jin ciwo, har abin da ba ya ciwo, irin shafar zane ko iskar fanka, ya zama azaba. Garin neman ƙiba a samo rama. Ba yau aka fara lura ba. Tun a 1870, allurar mofin tana sabuwar yayi, wani likitan Ingila mai suna Clifford Allbutt ya yi rubutu yana tambayar ko ba ita ce ke renon ciwon da ake cewa tana kashewa ba. Maganar ta kwanta fiye da shekara ɗari ba wanda ya ɗauke ta da nauyi. A 1993 Per Sjøgren da abokan aikinsa a ƙasar Denmak suka bayyana wasu masu ciwon daji da ake ɗura wa mofin ta jijiya, waɗanda jikinsu ya koma ba ya son taɓi, ga zabura a gaɓoɓi. Daga nan bincike ya yawaita. An ga abin ƙarara a jikin ɓeraye. An gan shi a mutanen da aka yi wa tiyata da wani ɗan dangin mofin, remifentanil, mai yawa, su farka suna jin ciwo fiye da waɗanda aka ba kaɗan. An kuma ga masu shan metadon, shi ma ɗan dangin ne, na tsawon lokaci suna saurin cire hannu daga ruwan ƙanƙara fiye da sauran mutane. Amma a tsakanin masu sankara, har yau masana na jayayya kan yawan faruwarsa, domin akasarin hujjar rahoton majinyata ne ɗaiɗai, kuma babu gwajin jini ko hoton da ke nuna shi. Ido ke gano shi, idon wanda ya zauna a bakin gado.

Ga yadda na fahimci abin. Saƙon ciwo yana tasowa daga wurin rauni, ya bi jijiya zuwa lakar gadon baya, daga can ya hau ƙwaƙwalwa. A ɗauke shi kamar rediyon da ke kunne a ɗaki. Mofin auduga ce da ake toshe kunne da ita. To amma jiki ba ya son a toshe masa kunne, don da ciwo yake sanin inda ɓarna take. Idan toshiyar ta daɗe ko ta yi yawa, sai ya miƙa hannu ya ƙara wa rediyon murya. A cikin laka akwai wasu ƙofofi da ake kira NMDA, waɗanda sinadarin gulutamet ke buɗewa. Idan suka saba da buɗuwa, ƙaramin saƙo sai ya iso sama da girman babba. Ƙwaƙwalwa ma tana da hanyoyin da take aiko da umarni ƙasa, wasu na rage murya wasu na ƙarawa, kuma doguwar mu'amala da dangin mofin kan karkata ma'aunin wajen masu ƙarawa.

Wahalar ita ce abu uku ke zuwa da fuska ɗaya, duk kuka ne da neman ƙari. Mafi yawan lokaci sankarar ce ta ci gaba, ta kama ƙashi ko ta danne jijiya, kuma wannan shi ya kamata a fara zato. Wani lokaci sabo ne: audugar ta yi laushi, abin da ya isa jiya bai isa yau ba. A waɗannan biyun, ƙarin magani na kawo sauƙi. Na ukun ne mai rikitarwa, don a nan rediyon ne ya ƙara murya, kuma duk ƙarin da aka yi ƙara zuga shi ake yi. Alamarsa, ciwon ya bar inda aka san shi ya bazu, majinyaci ya kasa nuna shi da yatsa, launinsa ya sauya daga nauyi da suka zuwa zafi da raɗaɗin fata, an ƙara magani sau biyu sau uku abin sai muni yake yi. Idan aka haɗa da zabura, ruɗewa da gane-gane, to maganin ya fara taɓa ƙwaƙwalwa. A gidajenmu wannan ne daidai lokacin da ake cewa iska ce ko sammu, a fara shawarar sallamar kai daga asibiti. Addu'a ba ta hana awon ƙoda, kuma awon ƙodar shi ne abin da nas ɗin nan ta nufa da tambayar fitsari.

Idan mofin ya shiga jiki, hanta ke sarrafa shi zuwa manyan sinadarai biyu. Ɗaya na kashe ciwo, ɗayan ba ya kashe komai, shi ake zargi da tsokanar jijiyoyi. Duka biyun ƙoda ke fitar da su ta fitsari. Ƙoda ta raunana, ko majinyaci ya bushe don amai da rashin shan ruwa, sai su taru a jini. Wannan gaɓar ta shafi yammacin Zamfara fiye da yadda ta shafi Denmak. Sankarar bakin mahaifa, wadda ke bin bayan ta mama wajen kama matan Najeriya, idan ta girma takan matse bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Sankarar mafitsara ma haka, ita kuwa likitocin Sakkwato sun daɗe suna ba da rahoton yawanta a tsakanin mazan wannan yanki, saboda tsargiyar da yaro ke ɗauka a kududdufi da gulbi, ya yi ta fitsarin jini ana cewa alamar girma ce, ta zauna a mafitsara shekara da shekaru.

Sannan ga dalma. Mutumin Abare ba baƙo ba ne ga ciwon da ke zuwa da rigar wani. A farkon 2010 ƙananan yara suka dinga suma da fizge-fizge suna mutuwa a Abare, Dareta, Sunke, Tungar Daji da 'Yar Galma ta ƙasar Bukkuyum. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce sanƙarau. Sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka ga maganin zazzaɓi ba ya ci, aka auna jini, sannan aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a tsakar gida da injin niƙan hatsi. Yara sama da 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, Bagega ma aka share ta a 2013, an ba dubban yara maganin fitar da guba. Amma dalma na zama a ƙashi gomman shekaru, kuma cikin ɓarnar da aka san tana yi a hankali akwai hawan jini da lalata ƙoda. Matan da suka shanya garin dutsen nan a tsakar gida, suka share ƙurarsa da tsintsiya, yau su ne dattijai. Duk wanda ya fito daga waɗannan garuruwa da sankara, a ganina bai kamata a ɗora shi kan mofin na kwanaki ba tare da an duba ƙodarsa ba, ko da bai taɓa kukan ta ba.

Tambayar nas ta biyu ta fi ta farko nauyi. A takardar asibiti an rubuta Gwaggo a matsayin wadda ba ta taɓa shan dangin mofin ba, don ba wanda ya tambaya, mu kuma ba mu ɗauki tiramol a bakin komai ba. Ƙwaya ce da ake samu a kemis da tiren mai talla, mai haƙar zinariya na sha don ya jure rami, ɗan acaɓa na sha don ya jure rana. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. Wanda hukuma ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, kuma ƙa'ida kada babba ya wuce 400 a yini. Na bayan fage kuwa har mai 225 ake sayarwa, biyu kawai sun tsallake iyaka, kuma yawansa na jawo farfaɗiya. Ka ga mai sankarar da ya yi wata biyar a kan wannan, jijiyoyinsa sun riga sun sha gwagwarmaya kafin ya ga ƙofar asibiti. Ga kuma allurar fentazosin da ake yawan yi a ƙananan asibitoci: idan aka yi wa wanda jikinsa ya saba da mofin, tana iya ture mofin ɗin daga mazauninsa, mutum ya shiga gumi, hamma, murɗawar ciki da ciwon gaɓoɓi. Wannan ciwon yankewa ne, wani abu dabam, amma shi ma da kuka yake zuwa.

Akwai abin da nake tsoro game da wannan rubutu, gara in faɗe shi. Ina tsoron wani ma'aikacin lafiya ya karanta ya samu sabuwar hujjar hana magani. A Amurka, inda aka yi ambaliyar waɗannan ƙwayoyi har suka kashe dubban ɗaruruwan mutane, maganar juyawar magani gargaɗi ne ga mai yawan bayarwa. Mu matsalarmu rashi ce. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta nuna a kowace shekara ana samun sababbin masu sankara sama da 120,000 a Najeriya, kusan 80,000 kuma na rasuwa, akasarinsu sun zo asibiti a makare. Kwamitin mujallar Lancet da ya fitar da rahoto a 2017 ya nuna abin da Najeriya ke samu na dangin mofin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na buƙatar masu tsananin ciwo ba. Bayan rahoton BBC na 2018 da ya sa gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, tsoron ya ƙara shiga ma'aikata: likita na ɗari-ɗarin rubutawa, mai ba da magani na ɗari-ɗarin ajiyewa, dangi na cewa kada a mayar musu da uwa 'yar ƙwaya. Abin takaici, tiramol ɗin da ba a aunawa yana ko'ina, mofin ɗin da ake aunawa da sirinji, mai araha, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora a saman tsaninta na maganin ciwon daji tun 1986, sai an je Gusau, Sakkwato ko Zariya ake sa ran ganinsa. A cikin masu sankara da ke kuka a ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum a daren yau, waɗanda magani ya yi wa kaɗan sun ninka waɗanda ya juya wa ninkin ba ninkin.

Kuma an ga inda aka warware wannan ba da kuɗi mai yawa ba. Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa Hospice Africa a Yuganda a 1993, ta riƙa haɗa ruwan mofin daga gari ana zubawa a kwalba. A 2004 Yuganda ta ba nas-nas da suka samu horo na musamman izinin rubuta shi da kansu, saboda ƙauye ba ya ganin likita. A gida, Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta sun kafa sashen kula da masu ciwon da ba ya warkewa a asibitin koyarwa na Ibadan. Dalilin kawo wannan shi ne, wanda aka koya wa bayar da mofin yadda ya kamata shi ne wanda zai gane ranar da ya juya. Wanda bai taɓa riƙe kwalbar ba, ba zai san ko ɗaya ba.

Aikin nas a nan ya fi na kowa wuya, don Bahaushe ba ya faɗin ciwo. Ka tambayi wanda ke gargarar mutuwa ya jiki, zai ce da sauƙi, alhamdulillahi. Mace ta tashi ana yaba mata cewa ta haihu ba a ji ko tarinta ba. Idan suruki ko babban ɗa na tsaye, ba za ta ce mararta ke ciwo ba ko za a yanka ta. Saboda haka "ya jiki" gaisuwa ce, ba awo ba. Awo shi ne a fitar da maza waje, a ce, "Inna, nuna mini da hannu." A ɗaga yatsu biyar, kamar yadda ake yi a asibitoci da dama na Afirka, a ce dunƙulen hannu babu ciwo, biyar kuwa ciwon da ba a taɓa ji ba, yau nawa ne? A tambaya suka ne, ko nauyi, ko zafi irin na barkono. A dawo bayan awa ɗaya da shan magani a sake tambaya, a rubuta. Wannan dawowar ita ce duk sirrin, ita ce kuma abin da ke fara faɗuwa idan nas ɗaya ke riƙe da ɗaki guda cikin dare. Ba tare da rubutu ba, mai aikin safe ba zai san cewa mai aikin dare ta ƙara sau biyu ba a samu sauƙi ba, sai shi ma ya ƙara.

Idan zato ya yi ƙarfi, abin da likitoci ke yi yana da saɓanin hankali ga dangi: rage maganin, sau da yawa da kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, a hankali, ana kallo. Ba a yankewa gaba ɗaya, kuma ba aikin mai jinya ba ne ya rage da kansa a gida, don yankewa na jefa mutum cikin wata azabar. Inda akwai hali, a sauya zuwa wani ɗan dangin, irin fentanil ko metadon, waɗanda ba su dogara da ƙoda kamar mofin ba, sai dai samunsu a nan ya fi na mofin wuya. A yi ƙarin ruwa idan jiki ya bushe, a buɗe hanyar fitsari idan ta toshe. Ketamin, wanda kusan kowane ɗakin tiyata a ƙasar nan ke da shi, yana rufe ƙofofin NMDA ɗin nan, kuma ƙwararru kan yi amfani da ɗan kaɗan daga cikinsa a irin wannan hali, ko da yake hujjar amfaninsa ga masu sankara ba ta da ƙarfi sosai. Sai magungunan tallafi da ke rage dogaro da mofin: farasitamol, amitiriftilin don ciwon jijiya, dekzametason don kumburi. Ciwon ƙashi kuwa gashi na na'ura, irin wanda ake zuwa nema asibitocin koyarwa na Sakkwato da Zariya, wani lokaci zama ɗaya kan sassauta shi.

Awon Gwaggo ya dawo da rana: ƙodar ta ja baya sosai. Aka rage mofin, aka tsawaita tazarar shansa, aka sa mata ruwa da robar fitsari, aka ƙara wasu ƙwayoyi biyu. Ban yarda zai yi ba. Daren farko ta yi gumi da juye-juye, na riƙa hararar nas ɗin nan duk sanda ta gifta. A rana ta biyu zaburar ta tsaya. A ta uku ciwon ya koma inda ya fito, mara da ƙugu, ta iya nuna shi da hannu, ta ɗaga yatsu biyu. Ta nemi kunun tsamiya.

Da za a sallame mu, nas ta sa ƙanwata ta sayo littafin makaranta mai shafi arba'in, ta ja mata layuka da biro: lokaci, abin da aka ba ta, yatsu nawa kafin, yatsu nawa bayan awa ɗaya, fitsari, bayan gida. Ta ce, "Ko farasitamol kika ba ta, rubuta. Kada kowa ya kawo mata ƙwayar kemis, ko ɗanta ne." Hanyar Anka zuwa Abare ba hanyar da ake bi yadda aka ga dama ba ce a shekarun nan, don haka sau biyu littafin ne ya yi tafiya zuwa asibiti a aljihun wani ɗan'uwa, ya dawo da kwalba da sabon umarni a shafin baya.

Ta yi mako bakwai a ɗakinta. Ana saura kwana uku ta rasu, jikarta ta zauna a bayanta ta tsefe mata kai ta yi mata kitso, Gwaggo na ta mitar yarinyar ba ta iya ja da ƙarfi ba.